Ragowa a Gefen Faranti

A sashen baƙi na asibitin, can hawa na sama inda ake kwantar da waɗanda suka ƙetaro daga wasu ƙasashe neman magani, ba da agogo ake sanin rana ta yi tsaka ba. Da kukan keken abinci ake sani. Ƙafarsa guda ta baya ta karkace, don haka tun daga bakin lif yake tahowa yana ƙii-ƙii kamar ɗan tsakon da aka taka. Kafinta kuwa, tun ranar da suka sauka hannunsa ke masa ƙaiƙayi a kan ƙafar nan. Ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa yana daidaita ƙafafun kujeru, ba ya iya jin abu yana ɗingishi ya kau da kai.

Matarsa ya kawo. Shugaba yake ce mata, tun suna ango da amarya, saboda a satin farko ta sake wa kowane abu na ɗakinsa wurin zama, har da shi kansa. Sunan ya bi ta, yara suka taso suna ji, surukai ma suka ɗauka. Ciwo ne ya kama ta a ciki, aka yi ta magani a gida babu sauƙi, yaran suka haɗa ƙarfi suka ɗora iyayen a jirgi. A nan likitoci suka buɗe cikin, suka duba, suka mayar suka ɗinke. Tafintan asibitin, wani mutum mai yawan gyaran murya, ya tsaya a gefen gado yana kewaye-kewaye, yana neman kalma mai laushi. Shugaba ta ɗaga masa hannu.

"Bawan Allah, huta. Na ji tun kafin ka fara."

Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta nema, a mayar da ita gida. Mahaifiyarta na nan da rai, tsohuwa tukuf, ido ya tafi, kuma duk faɗin gidan babu wanda take yarda ya taɓa mata farce sai wannan 'yar. Ranar da za su taho sai da Shugaba ta zauna ta yanke mata tas, hannu da ƙafa, ta ce, "Inna, kafin su sake fitowa na dawo." To, sun fito. Babbar 'yarsu ta faɗa a waya cewa tsohuwa ta cusa hannuwa cikin zane, wai kowa ya bar mata abinta, mai yi tana hanya.

Sai dai jirgi ba ya ɗaukar mai ciwo irin wannan sai likita ya sa hannu. Likita kuma ya ce ba zai sa ba sai ya ga tana ci da bakinta har an cire mata ƙarin ruwa, domin tafiyar doguwa ce, ba zai saki mace a sararin sama da ciki fayau ba. Gaskiya ya faɗa, Kafinta ma ya san gaskiya ce. Amma Shugaba ko cokali biyu ta haɗiya sai sun dawo, su dawo da wahala har sai ta jiƙe da gumi.

Abincin sashen baƙi yana da tsarinsa. Tunda ba kowa ke jin yaren garin ba, kullum da la'asar ana zagayawa da wani kati mai hotuna, mara lafiya ya ɗora yatsa a kan abin da yake so gobe. Washegari tire ya zo a rufe, da lambar gado a jikin murfi. In an zo kwashewa, mai abinci ta ɗaga murfin ta duba, in ta biyo ta teburin nas ta faɗa mata da baki: wane ya cinye, wance ta ci rabi, wancan ya ɗan taɓa. Nas ta kai wa likita. Mai abincin wata mata ce mai ƙiba, mai ƙarancin fara'a, wadda ta manyanta. 'Yar can wajensu ce, ta daɗe a ƙasar nan, shi ya sa aka ajiye ta a wannan sashe. Ranar farko da ta gaishe su da harshen gida, Kafinta ya ji kamar ya rungume keken don murna. Amma zumunci bai hana ta aikinta ba. Kullum ta ɗaga murfin Shugaba, ta mayar, ta je ta ce ba ta taɓa ba.

Mai jinya ba shi da tire. Kafinta yakan sauka ƙasa ne ya sayi burodi da shayi a wani ɗan shago da ke bakin ƙofa, ya ci a tsaye ya dawo. Wannan kuwa ba ƙaramin horo ba ne ga mutumin da a gida almajiran shagonsa ke ɓoye abincinsu in sun ji tafiyarsa. Ci ne da shi kamar gara, ga santi. Shugaba ta saba tsaya masa a kai, hannu a ƙugu, tana mita tana ƙari, har sai ya share kwano.

Wata rana da keken ya ajiye tire ya wuce, ta ce, "Baban yara, tura ƙofar nan."

Ya tura.

"Jawo kujera. Buɗe."

Ya buɗe. Shinkafa ce fara, da cinyar kaza, da dafaffen karas, da ɗan romo a kofi. Ya ɗebo a cokali zai kai mata baki kamar kullum, ta kawar da kai.

"Ba ni ba. Kai."

"Ni kuma? In ci me?"

"Kai dai wallahi ba ka da dama. Tun ina da baƙin gashi nake dafawa kana sharewa, ban taɓa ganin amfanin cin nan naka ba. Yau da zai yi amfani ka tsaya kana tambayata?"

Ya gane.

"Shugaba, wannan ai yaudara ce. Mutanen nan ranki suke nema su riƙe."

"Raina a hannunsu yake? Kai ma ka ji abin da suka ce. Ni dai ka kai ni ɗakina, in ga Inna. In ka kai ni, ka gama mini komai."

Ya daɗe yana kallon farantin. Sannan ya sunkuyar da kai ya fara ci. Da farko a hankali, kamar mai jin kunya, daga baya yunwar kwana da kwanaki ta yi aikinta, hannu ya koma yadda ya saba. Ya share shinkafa, ya share karas, ya shanye romo, ya kama ƙashin kazar nan ya tattaune shi ya tsotse ɓargon, ya tara dusar a gefe. Ya goge farantin da ɗan guntun burodi har yana ƙyalli, ya rufe.

Da Mai Abinci ta dawo ta ɗaga murfi, sai ta tsaya. Ta kalli tarin ƙashin, ta kalli matar da ke kwance wadda ko kofi ba ta iya riƙewa, ta kalli Kafinta da ya maida hankali kan taga kamar an ba shi aikin gadinta. Ta sa ƙafa ta tura ƙofa.

"Sannu da ƙoƙari, Mama. Ashe haƙoran naki da sauransu."

Shugaba ta fara dariya, dariyar ta koma tari. Da ta lafa ta ce, "Kin gani ko, ƙanwata? Aiki ɗaya na taɓa ba shi wanda ya iya, shi ma ya ɓata."

Kafinta ya yi tsuru-tsuru. Ya buɗe baki zai roƙi arziki, Mai Abinci ta riga shi.

"Gida kike so?"

"Gida nake so."

Mai Abinci ta gyaɗa kai. Sannan ta kwashe ƙashin ta ƙulle a takardar goge baki, ta jefa a aljihun rigar aikinta.

"Baba, saurara, don ba zan maimaita ba. Mara lafiya ba ya wanke faranti. Matar da jiya ba ta taɓa ba, yau ba za ta cinye ba. Ka fara da kaɗan, daga gefe ɗaya. Karas ɗin nan tun zuwanku ba ta taɓa zaɓarsa ba, ka ture shi can. Naman ka yage shi da cokali, kar ka kai ƙashi baki. Ka bar ɗan ɗigo a tire, hannun mai ciwo rawa yake yi. Kuma ko yaushe ka bar ragowa."

Ranar ta je teburin nas ta ce ta ɗan taɓa.

Haka aikin ya kankama. Kafinta mutum ne mai awo, ya mayar da farantin kamar katako, yau ya ci nan, gobe ya ɗan ƙara gaba. Ya koyi yadda ake barin cokali a karkace, yadda ake gutsurar burodi a bar shi da alamar gajiya. Daga ta ɗan taɓa aka koma ta yi ƙoƙari, daga nan aka kai rabi. Nas ta shigo tana tafi, tana ɗaga wa Shugaba babban yatsa. Shugaba ta yi mata murmushi kamar yarinyar da ta ci jarrabawa.

Amma cin ya daina yi masa daɗi tun a rana ta biyu. Ya gwada juya mata baya, ta hana.

"Juyo nan. Ina so in gani."

"Haba Shugaba, ki bar ni in yi abin nan in gama."

"Na ce ka juyo. Akwai gishiri?"

"Babu."

"Na sani. Daga nan ma na ga shinkafar ta sha ruwa. Mutanen nan sun iya yanka mutum, amma ba su iya tsame shinkafa ba. Kifin fa?"

"Da ɗan dama."

"Ƙarya kake, fuskarka ta nuna."

Tana kwance tana bin kowace loma da ido, daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa maƙogwaro, wani lokaci har leɓenta na motsi. Bai taɓa sanin ana iya cin abinci da baƙin ciki har haka ba. In ya gama, ya tsoma yatsa a romo ya shafa mata a leɓe, ta lasa, ta ce ya isa.

Ranar da aka cire mata ƙarin ruwa, rana ce ta murna. Likita ya zo da tafinta, ya ce madalla, in aka ci gaba a haka zai duba maganar tafiya. Nas ta zare allurar, ta manna auduga, ta tura sandar ruwan waje. Shugaba ta ɗaga hannun tana jujjuya shi, ta ce a kira mata gida. Babbar 'yar ta kara wa tsohuwa wayar a kunne.

"Inna, ni ce. Kar ki bari kowa ya taɓa miki. Ina nan tafe."

Muryar tsohuwar ta fito siririya: "To ki yi sauri, sun fara kama mini zane."

Ta sa Kafinta ya sauka ya sayo sabon abin yanke farce a shagon ƙasa, ta ce na gida ya dakushe. Ta ajiye shi ƙarƙashin matashi.

Daga nan kuma jiki ya fara faɗin gaskiya. Ruwan nan da suka raina, ashe shi ke riƙe da ita. Leɓenta ya tsage, idanu suka zurma, mitar ma ta ragu, abin da ya fi tayar wa Kafinta hankali ke nan. Takan yi barci tana tsakiyar magana. In nas za ta shigo, sai ta ce ya tayar da ita zaune, ya gyara mata ɗankwali, ta tattaro ɗan ƙarfin da ya rage ta yi fara'a, ana fita ta zube. Shi kuwa wandonsa ya fara matse shi. Da safe ya tsaya gaban madubin banɗaki ya ga kumatunsa sun ciko, ya ji ya tsani fuskar da yake gani.

Ranar nan bayan an kwashe tire, ya fito da niyyar zuwa wurin likita. A ƙarshen barandar ya tarar da Mai Abinci tana jera kwanuka. Ƙafafunsa suka ƙi wucewa. Sai ya durƙusa gaban keken, ya ciro ɗan sukudireban da ba ya rabo da aljihunsa.

"Riƙe mini nan, 'yar'uwa."

Ta riƙe. Ya kwance ƙafar, ya zare gashi da zaren da suka nannaɗe a ciki, ya miƙar da ƙarfen, ya ce ta ɗiga masa ɗan man girki. Yana ɗaurewa, kansa a ƙasa, ya ce, "Kashe ta muke yi ko?"

Mai Abinci ta girgiza kai.

"Wallahi Baba ban sani ba. Kullum in na je teburin nan na faɗa, sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. In aka gane, aikina ya tafi, wannan ma ba shi ne damuwata ba."

"To me ya sa kika yarda?"

"Ni ma jinya ta kawo ni ƙasar nan. Maigidana na kawo. Shi ma gida yake so, kullum gida, ni kuma na ce a'a, a bi maganar likita, a ƙara haƙuri. Muna ƙara haƙuri har ya cika a ɗakin can na ƙarshe. Yana nan kwance a maƙabartar bayan gari. Na kasa tafiya in bar shi shi kaɗai cikin mutanen da ko gaisuwarsu bai iya ba." Ta goge hannu a riga. "Amma nawa daban, naku daban. In ka ce in faɗa, yanzun nan zan je in faɗa, a mayar mata da ruwan."

Ya miƙe, ya tura keken gaba ya jawo shi baya. Shiru, ko ƙii babu. Ya ce bari ya fara gaya wa mai abin.

Ya tarar da Shugaba idonta biyu. Kallo ɗaya ta yi masa.

"Wurin likita za ka."

"Shugaba, dubi yadda kika koma. A mayar da ruwan nan ki ɗan farfaɗo, sai mu sake gwadawa."

"Mu sake gwada me? In suka gane, wa zai ƙara yarda da farantina?" Ta numfasa. "In ka faɗa, ban yafe ba."

Tunda suke ba ta taɓa gaya masa wannan kalma ba. Ya zauna a bakin gado. Ta lalubo hannunsa, ta sassauta murya.

"Baban yara, ruwan nan ba warkar da ni zai yi ba, ɗaure ni zai yi a gadon nan. Ko da shi ko ba shi, tafiyar ɗaya ce. Ni dai ina so in zaɓi inda za ta same ni. Ka ci mini, ka ji? Saura kaɗan."

Ya ce to. Da yamma tire ya zo, ya ci, hawaye na ɗiga a shinkafar, ta ce ai ga gishirin ya samu.

Likita ya sa hannu a ƙarshen satin. Ya duba ta, ya duba abin da sikeli ya nuna, ya daɗe yana kallon Kafinta, daga fuska har zuwa maɓallin rigar da ke neman tsinkewa. Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma likitan bai tambayi komai ba. Ya yi magana a hankali, tafinta ya gyara murya ya ce, "Ya ce ku tafi da wuri. Ya ce kar ku jira wani satin."

Da la'asar ɗin Kafinta ya tafi ofishin jirgi, ya sha layi, ya samo musu wuri a jirgin washegari da yamma. Bai dawo ba sai da aka gama zagayawa da katin hotuna. Ya shigo yana ɗaga takardun kamar wanda ya ciyo kyauta, Shugaba ta karɓa ta ɗora a ƙirji ta rufe ido.

Da safe ya goge mata jiki, ya sa mata rigar da ta zo da ita, wadda yanzu mutum biyu za su shiga. Ya ɗaura mata ɗankwali, ta ce ya karkace, ya sake, ta ce haka dai, ba za ka taɓa iyawa ba. Rana ta shigo ta taga har kan gado. Ya baje akwati a ƙasa yana shirya kaya, tana ba da umarni da 'yar muryar da sai ya kasa kunne.

"Takalmana a sama. Kar ka danne su."

"To."

"Abin farcen Inna, sa a aljihunka, kar ya ɓace a kaya."

Ya zaro shi daga ƙarƙashin matashi ya sa a aljihu. Ya koma kan akwati yana surutu, yana cewa zik ɗin nan tun a gida ya ce a sake shi, yana cewa in sun sauka kar yara su cika mata ɗaki da hayaniya. Ya naɗe zanenta ya cusa a gefe, irin naɗin da ta fi tsana, na dunƙule. Ya jira faɗa. Bai zo ba. Ya sake ɗauko wani ya dunƙule, da gangan wannan karon, yana kallon akwatin, yana tsoron ɗagowa.

"Shugaba, kin ga yadda na naɗe?"

Babu wanda ya amsa masa.

Abin da ya biyo baya ya wuce masa kamar a cikin ruwa. Nas ta shigo da gudu, wasu suka biyo ta, aka fitar da shi, aka dawo da shi. Likita ya dafa kafaɗarsa, tafinta ya ce wai ciwon ne, wai ko an bar ruwan bambancin ba mai yawa ba ne. Kafinta ya gyaɗa kai. Bai san ko gaskiya aka gaya masa ko tausayi ba, kuma ya san har ya mutu ba zai sani ba. Aka ce gawa ba ta hawa jirgin yamma, tata hanya ce daban mai tsawo. Ya kira gida. Yara suka yi kuka, suka ce Baba a yi mata sutura a nan, kar a wahalar da ita. Ya tambayi babbar ko an gaya wa Inna. Ta ce tukuna, babu wanda ya iya.

Aka tura gadon aka fita da ita, aka kawo wani babu zanen gado. Aka ce ya zauna a ɗakin kafin a gama takardu. Ya zauna a kujerarsa ta kullum, akwati a buɗe a gabansa, takalmanta a sama.

Bai ji zuwan keken ba. Shi da kansa ya kashe masa murya. Sai ganin Mai Abinci ya yi a tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu, idanunta jajur.

"Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, 'yar'uwa. Ai ba ta nan. Ba su gaya muku a kicin ba?"

"Sun faɗa. An soke lambar gadon. Ni na hana a mayar." Ta ajiye tiren a kan teburin da ake turawa, ta jawo shi gabansa. "Jiya da kana ofishin jirgi ta zaɓa. Na ce mata Mama, gobe ai kuna hanya, kuma an riga an sa hannu, ba sauran buƙata. Ta ce in kawo dai, mutumin nan ba ya iya tafiya da yunwa, sai ya yi ta yi wa mutane faɗa a jirgi."

Ta ɗaga murfin. Babu romo, babu abincin masu ciwo. Kaza ce har cinya biyu, da shinkafa, da soyayyen dankali, da ɗan karas a gefe kamar kullum. Ga gishiri a ƙulle a takarda, ga barkono, abin da ba a taɓa hawowa da shi sashen nan ba.

"Ta ce in nemo maka su ko a ina ne."

Kafinta ya kalli abincin. Ba ya jin yunwa, ba ya jin komai. Amma hannu ya riga ya saba, ya ɗauki cokali. Ya fara daga gefe ɗaya. Ya ture karas can. Ya yage naman da bakin cokali, a hankali, bai taɓa ƙashin ba. Ya bar ɗan ɗigo a tire. Da ya kai inda ya saba tsayawa, ya tsaya, ya kwantar da cokalin a karkace, ya miƙa hannu zai ɗauki murfi.

Mai Abinci ta dafe murfin.

"Baba," ta ce, "yau ba sai ka rage ba."

Ya ɗago ya kalle ta, ya kalli ragowar da ya bari a gefen faranti, ya kalli gadon da babu kowa. Sai a lokacin kukan ya zo masa, irin na manya, mai fitowa daga ƙirji babu shiri. Ya kife kai a bakin teburin, kafaɗunsa na girgiza, abin yanke farcen da ke aljihun rigarsa yana bugun ƙarfen.

Ta bar shi ya yi mai isarsa. A baranda tiren sauran ɗakuna na hucewa, wani ma har ya leƙo yana neman nasa, ba ta waiwaya ba. Da ya lafa, ta matso da farantin kusa da shi, ta sa hannu a ƙugu.

"Ta ce in tsaya a kanka sai ka cinye. Har ƙashin."

Ya goge fuska da hannun riga. Ya ɗauki ƙashin ya kai baki, ya ɗora haƙori a kai. Ya daɗe a haka, ya kasa taunawa, ita kuma ba ta tafi ba.